Sunan 'Yar Fari

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma ba ta je makaranta ba. Wai cikinta ke ciwo. Na jiƙa mata kanwa ta sha, ta koma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Wannan ciwon cikin mai wayo ne, ba ya tashi sai motar makaranta ta yi hon a ƙasan bene, kuma da motar ta bar unguwarmu ta Danau Kota sai ya lafa. Tun ranar Alhamis muke haka. Ƙaninta Imran ya saɓa jakarsa ya tafi shi kaɗai, ko a jikinsa.

Na so in rubuta sunanta a nan, hannun ya ƙi, kamar yadda bakin ya saba ƙi. 'Yar farina ce, shekararta goma sha biyu, kuma a gidanmu na Gwale uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da aka haifi ƙaninta nake ce mata yayar Imran. Kafin nan "ke" ta ishe mu, kuma ba ta taɓa kasa amsawa ba.

Babansu yana can jami'a yana fama da babi na huɗu na digirin da ya kwaso mu daga Kano. Na yi masa waya, ya ce in ba ta farasitamol.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Maman Ihsan, maƙwabciyata ta hawan ƙasa, ta shigo da gurasar roti da ta yo mini tapau, wato ƙunshi, daga shagon abinci na mamak. Ta zauna tana ta kewaye-kewaye, zancen zafi, zancen lif da ya sake lalacewa, har sai da na ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta. 'Yarta Ihsan makaranta ɗaya suke da tawa, kuma daga barandar sama ta makarantar Ihsan ta ga komai.

Makon jiya makarantar ta yi abin da suke kira Makon Haɗin Kai, wai don a koya wa yara illar wariyar launin fata da bambancin da ke tsakanin mai shi da marar shi. Malamar ajinsu, Cikgu Aina, ta fito da su fili ta jera su sahu ɗaya kamar za a tayar da salla. Sai ta riƙa karanto magana. Wanda ba a taɓa bin bayansa a kanti ana sa masa ido ba, ya yi taku gaba. Wanda aka taɓa tashi daga kusa da shi a jirgin ƙasa na LRT, ya yi taku baya. Wanda mai gida ya taɓa hana iyayensa haya saboda fatarsu, baya. Da aka gama, 'yan ajin suna can gaba kusa da tuta, tawa tana jingine da shingen waya ita kaɗai. Malama ta ce kowa ya juyo ya dube ta, don su ga yadda duniya ba ta da adalci. Suka juyo suka dube ta.

Maman Ihsan ta ce, "Sai kin je fa, lah. In kika yi shiru gobe tawa ce."

Ni ma na riƙe alli shekaru a Kano kafin bizar matar ɗalibi ta zaunar da ni a gida. Na koyar da yara a aji marar ƙyaure. Ban taɓa tsayar da maraya gaban allo don in koyar da maraici ba. Rotin yana nan a kan tebur, ya sandare.

Laraba, 8 ga Oktoba, magariba

Shayi kawai ta sha yau.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Na tare babansu kafin ya fita. Ya saurare ni da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ya ce malamar da kyakkyawar niyya ta yi, ya ce a Turai ma ana irin wannan darasin, ya ce yara da mantuwa suke. Da ya ga ban sauko ba sai ya ce, "Ɗelu, mu baƙi ne a ƙasar nan. Saura kaɗan in gama mu tafi."

Saura kaɗan. Tun Imran yana rarrafe nake jin saura kaɗan.

Na tuna masa gidan Cheras. A waya dillalin ya yi ta cewa boleh, boleh, wato ba matsala, ku zo ku gani. Da muka iso ya ga fuskokinmu, sai gidan ya zama an riga an kama tun jiya. Tana riƙe da bakin hijabina a ranar, 'yar shekara shida, na ɗauka ba ta gane komai ba. Ashe ta adana. Ranar da aka tambaya a fili, ta yi takunta baya.

Ya sa ɗaya takalmin ya ce za mu yi magana in ya dawo. Bai dawo da maganar ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na tsinci wani abu a banɗaki, a bayan kwandon wanki. Ba zan rubuta ko mene ne ba. Akwai hoton mace fara sol a jikin robar, tana murmushi, kuma an yi amfani da kusan rabi. Na ƙulle a leda na sauka da kaina na jefa a sharar ƙasa.

Da na dawo na ce ta zo in yi mata tsifa. Ta zauna tsakanin ƙafafuna. Wuyanta ya yi ƙuraje ƙanana, wajen kunne ya saɓule. Na shafa mata man kaɗanya. Na yi mata shuku, wanda take so.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun raɗa mata suna. Imran ne ya faɗa muna cin tuwo, yana dariya, bai san me yake faɗa ba. Pagar suke ce mata, shinge ke nan da Malayanci. A mota, a kantin makaranta, har waɗanda ba 'yan ajinsu ba. Ta ajiye cokali ta shige ɗaki. Babansu ya daka wa Imran tsawa, sannan ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na kira makarantar tun Juma'a, sun ba ni Talata.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Na je da ita. Na sa atamfata mai ruwan toka, na shirya Turancina tun a mota, jimla bayan jimla.

Ba wajen shugabar makaranta aka kai ni ba. Wajen Puan Farah aka kai ni, mai kula da walwalar ɗalibai. Ɗaki ne mai sanyi, da matasan kai a ƙasa, da kwalin tishu, da hoton hannaye kala-kala sun riƙe juna a bango. Ta ce tana so ta fara ganin yarinyar ita kaɗai, na zauna a waje ina kallon takalmana. Da aka kira ni, an fitar da ita, an shigo da Cikgu Aina.

Yarinya ce ƙarama Cikgu Ainar nan, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ina fara magana ta fashe da kuka. Ta ce a wani taron horar da malamai aka koya musu wasan, ta ce ita ta tsani wariya, ta ce kwana biyu ba ta yi barci ba. Ni da na zo da wuta a ƙirji sai ga ni ina miƙa mata tishu ina cewa ta yi haƙuri. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Aka sallame ta ta tafi ta huta.

Sai Puan Farah ta gyara zama, ta yi murmushin nan na ma'aikatan asibiti. Ta ce ta lura tun da na shigo ina cewa "yarinyar," ina cewa "yayar ɗana." Ta tambaye ni sunanta. Na ce yana nan rubuce a gabanta. Ta ce daga bakina take so ta ji. Na yi mata bayani a natse, na ce al'adarmu ce, kara ce da kawaici, uwa ba ta kiran ɗan fari da suna, ba ta yabonsa a gaban mutane, kuma wannan bai rage komai a zuciya ba. Ta yi ta gyaɗa kai tana cewa abin sha'awa ne. Tana gyaɗa kai tana rubutu.

Daga nan ta faɗa mini abin da Ihsan ba ta jiyo daga baranda ba. Wai har kusan ƙarshen wasan su biyu ne a baya, ita da wani yaro ɗan Sudan, Rayyan. Magana ta ƙarshe da malama ta karanto ita ce, wanda mahaifiyarsa ke kiran sunansa ta ce tana alfahari da shi, ya yi taku biyu gaba. Kowa ya tafi. Rayyan ma ya tafi. Tawa ta tsaya, wai ba ta son yin ƙarya.

Ban san me fuskata ta yi ba.

Aka shigo da ita. Puan Farah ta ce, da Turancinta mai laushi, Mummy ta rungume ta mana. A gaban baƙuwa, a ofis, kamar 'yan wasan kwaikwayo. Hannuwana suka yi nauyi. Na miƙa hannu na gyara mata hijabi na ce ta tsaya sosai. Shi ke nan abin da na iya. Puan Farah ta sake rubutu.

Na shiga da ƙarar makaranta, na fito ni ce mai laifi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Puan Farah ta kira. Ta ce sun duba, sun ga tushen matsalar daga gida yake, kuma a shirye suke su tallafa wa iyalinmu. Ta ba ni aikin da zan riƙa yi: in kira sunanta safe, rana da yamma, kuma kullum in faɗa mata abu ɗaya mai kyau game da ita. Za ta kira mako mai zuwa ta ji ci gaba.

Na tambaye ta yaran da ke kiran ta Pagar fa. Ta ce yara ne, za a yi musu magana gaba ɗaya a taron safe, ba tare da an nuna kowa ba, don kada a taɓa walwalarsu.

Sau nawa aka baro ta a baya kafin na ƙarshen nan? Na kanti, na jirgi, na gidan Cheras. Duk sun shafe su, sun riƙe guda ɗaya, saboda shi ne wanda ba nasu ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, la'asar

Wa ya san ba ta cin albasa in ba a niƙa ba? Wa ke tsince mata ƙayar kifi har yau? Su rubuta wannan ma.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na kira Inna. Can safiya ce, ina jin ƙarar tsintsiya da kaji a bayanta. Na ba ta labarin a gajarce. Ta yi salati ta ce, "Sunan 'yar fari? Ɗelu, kin zama Baturiya ne? Ki turo min ita nan, in ga wanda zai tsayar min da jika a shinge."

Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta, Yaya Muttaka, ba, "wancan" take ce masa. Ranar da ya ci jarrabawar shiga jami'a, "to" kawai ta ce, sannan ta sa aka yanka zakara. Da ya kwanta a asibiti, a kan tabarma ta tare a bakin ɗakin har aka sallame shi, ba ta shiga ba sai in yana barci. Kuma ban taɓa jin Yaya ya yi shakkar Inna ba.

Amma Yaya a cikin gida ya tashi. Kakarmu tana kiran sa mijinta tana ɓoye masa ƙosai. Gwaggo tana goya shi tana yi masa kirari da sunansa har maƙwabta su ji. Kuma su ne ke raɗa masa a kunne cewa ya dubi yadda uwarsa ke kawar da kai, duk so ne. Uwa ta yi shiru ne don gida cike yake da masu faɗa a madadinta. Ni na ɗauko shirun na hau jirgi da shi, na baro masu faɗar a Gwale. A hawa na goma sha bakwai babu kaka, babu gwaggo. Daga ni sai uban da ke babi na huɗu.

Wannan ba ya nufin Puan Farah ta yi gaskiya. Ba ta yi ba. Haushi ne kawai ya ƙaru mini, yanzu ban ma san wa zan ji haushi ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da rana

Hutun Deepavali, bikin Indiyawa, babu makaranta, babu ciwon ciki. Ta fito ta taya ni yanka alayyafo, ta ci shinkafa har ta ƙara. Ta tsaya a taga tana kallon fitilun da maƙwabtanmu Indiyawa suka jera a baranda. Na zo bayanta na tsaya. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne ta je ta kwaso shanya kafin ruwa ya sauko.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

An turo hotunan Makon Haɗin Kai a zauren WhatsApp na iyaye. Yara cikin kayan gargajiya, yara riƙe da tutoci, sai hoton filin. Na gaba suna dariya. In ka ja hoton da yatsa biyu, can a kusurwa, akwai farin hijabi a jikin shinge. An rubuta a ƙasa cewa darasin ya taɓa zukatan ɗalibai ƙwarai, kuma baɗi za a yi wa dukkan azuzuwa. Iyaye suna ta turo hoton zuciya da tafi. Maman Ihsan, wadda ta ce kada in yi shiru, ita ma ta tura babban yatsa.

Na rubuta dogon saƙo. Na gyara Turancin, na sake gyarawa. Na goge.

Puan Farah ta kira don jin ci gaba, ban ɗauka ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, magariba

Babansu ya yanke hukunci, Litinin za ta koma. Ya ce makarantar ta fara tambayar yawan fashi, kuma ba ya son abin da zai taɓa takardun zamanmu. Ya shiga ɗakinta ya kira ta da sunanta, shi da yake ɗan boko ne bakinsa bai taɓa nauyi ba, ya ce ta zama jaruma. Ta ce masa okay. Ko kuka ba ta yi ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na rufe ƙofar kicin na kunna famfo na gwada kiran sunanta. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ya fito, amma kamar muryar wata mata. Na ji kunya ta rufe ni ni kaɗai a gaban tukwane, kamar Inna tana tsaye a bayana. Ni na zaɓi sunan nan fa. Tun tana ciki na raɗa wa Gwaggo, ita ta kai wa maza ranar suna a matsayin zaɓinta.

Ba don Puan Farah nake yi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Lahadi, 26 ga Oktoba, la'asar

Na goge mata kayan makaranta. Wuyan ya warke, saura tabo kaɗan.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Na raka su ƙasa, abin da ban saba yi ba. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk a jiƙe. Iyaye suna tsaye a bakin ƙofa, Malayawa, Larabawa, Maman Ihsan da nata, da mai gadi a kan kujerarsa. Motar ta tsaya. Imran ya ruga ya shige. Ita ta tafi a hankali, kanta a ƙasa, jakar ta yi mata girma.

Kafin ta kai ƙofar motar wani yaro ya leƙo ta taga ya ce Pagar, sauran suka kwashe da dariya. Ta tsaya cak. Babu babban da ya ce komai. Kowa ya shiga duba wayarsa.

Ban shirya ba. Na ji shi kawai ya fito, da ƙarfi, har mai gadi ya ɗago kai. Na kira ta da sunanta a gaban mutanen nan duka, na ce ta ɗaga kanta, na ce babu kamarta a cikin motar nan.

Ba ta juyo nan take ba, kamar ba ta gane daga ina kiran ya fito ba. Da ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa mai talla. Ta ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Ummi, Puan Farah ce ta ba ki homework?"

Na ce a'a. Ta ce okay. Ta hau, ƙofa ta rufe, motar ta tafi. Maman Ihsan ta matso za ta yi magana, na wuce ta na shiga lif.

Shekara goma sha biyu ina riƙe da sunan nan, ranar da na sake shi kuma sun riga sun mayar da shi nasu. Wannan ne ba zan yafe musu ba, ya fi mini shingen ciwo.

Litinin ɗin dai, kafin su taso

Na niƙa albasar. Na tsince ƙayar kifin.

Khaulah.

Khaulah, Khaulah. Ga shi nan da hannuna, a inda Puan Farah ba za ta taɓa gani ba. Babu wanda ya sa ni.